Yadda Ake Gina Gado a Harshen JavaScript

Harshen JavaScript, wanda kusan kowane shafin intanet ke aiki da shi, Brendan Eich ne ya ƙirƙira shi a kamfanin Netscape a shekarar 1995, kuma ya ɗauko tsarin gadonsa daga wani harshe mai suna Self. Gado a fannin rubuta manhaja shi ne wani abu ya samu siffofi da ayyukan wani ba tare da an sake rubuta su ba. A harsuna irin su Java ana fara tsara aji, wato fasalin da za a riƙa fitar da abubuwa a kansa, amma a JavaScript kusan kowane abu yana jingine ne da wani abu da ake kira samfurinsa.

A ɗauka mai rubuta manhaja a Katsina yana shirya wa wakilin fiton kaya rajistar motocin da ke ƙetara iyakar Jibiya zuwa Maraɗi. Kowace mota tana da lamba da direba da aikin lissafin kuɗin fito, ita kuwa tirelar dabbobi tana da duk waɗannan, sannan ga adadin shanu ko raguna. Idan aka nemi tirelar ta lissafa kuɗi, harshen yakan duba jikinta, in bai samu aikin ba ya hau zuwa samfurin tirela, daga nan zuwa samfurin mota, har silsilar ta ƙare. Lamarin ya fi kama da gandu, inda ɗa ke ci daga rumbun mahaifinsa, fiye da rabon gado.

Shekaru da dama, da hannu masu rubuta manhaja suke ƙulla wannan silsila, aikin da ya yi sauƙi da zuwan Object.create a ƙa'idar harshen ta 2009, kafin ƙa'idar 2015 ta kawo kalmomin class da extends da super. Sai dai waɗannan kalmomi rubutun kawai suka gyara, silsilar samfuri tana nan a ƙarƙashinsu, kuma wanda ya koyi aji bai san haka ba zai sha wahala ranar da manhajarsa ta rikice.

Amfanin tsarin a fili yake, domin idan doka ta sauya, kamar rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, gyara ɗaya a samfurin mota ya isa ya shafi dukkan motoci, har da waɗanda aka riga aka shigar. Haɗarinsa ma daga nan yake: in aka ajiye jerin kaya a jikin samfuri, buhunan waken da aka rubuta wa mota ɗaya za su bayyana a takardar kowace mota, kuskuren da ka iya jawo wa ɗan kasuwa tara a gaban jami'an kwastan. Saboda haka ayyuka ake ɗorawa a samfuri, bayanan kowace mota kuwa a jikinta ake rubuta su tun lokacin ƙirƙirarta.