Sauke mota ƙasa: abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya taɓa sifirin da amortisa

Hotuna da bidiyon motocin da aka sauke har cikinsu ya kusa taɓa kwalta sun cika TikTok da Instagram, kuma sha'awar ta iso wayoyin matasan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A fada, tsakanin shayi na fari da na biyu, ana muhawara kan wace mota ce ta fi zama daram a kan tayoyinta. Ƴan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam, Jamus da Amurka kuwa kayan aikin suna kusa da su, oda kawai za su yi a intanet. Sai dai motar bidiyo dabam, motar da mutum ke zuwa aiki da ita kullum, ya kai yara makaranta, ya tafi ƙauye da salla, ita ma dabam. Kuskure wajen zaɓen kaya yana iya cinye tayoyi huɗu cikin ƴan watanni, ya fasa kaskon mai na inji, ko ya sa mota ta ƙwace wa direba a kan hanya.

Al'adar ta samo asali ne tun shekarun 1940 a birnin Los Angeles, inda matasa ƴan asalin Meziko suka riƙa sauke motocinsu don ado. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana wani sashe na mota ya yi ƙasa da bakin ƙarfen taya, kuma sai a farkon 2024 aka soke ta. A Jamus da Japan kuwa tseren motoci ne ya yaɗa ta, domin idan nauyin mota ya matso ƙasa ba ta yawan karkata a kwana.

Abin da ke riƙe da mota

A kowace ƙafar mota akwai abubuwa biyu masu aiki tare. Sifirin shi ne ke ɗauke da nauyi, shi ne kuma ke yanke tsayin mota daga ƙasa. Amortisa, wadda makanikan Najeriya ke kira shokazoba, ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana sifirin yin ta tsalle bayan an faɗa rami. A gaban mafi yawan ƙananan motoci irin su Toyota Corolla, Camry da Volkswagen Golf, an haɗa su biyun wuri guda a tsarin da ke ɗauke da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, wanda ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940. A wannan tsari amortisa ita ce ƙashin ƙafar kanta, ita ke riƙe taya a tsaye. Shi ya sa duk wanda ya canza tsayinta ya canza yadda taya ke taka ƙasa.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko kuma mafi arha ita ce a sa gajeren sifirin a bar amortisar da mota ta zo da ita. Kamfanonin Jamus irin su Eibach da H&R suna yin irin wannan sifirin ga kowane samfurin mota, kuma yawanci yana sauke ta da santimita 2.5 zuwa 4. Matsalar ita ce an ƙera amortisar asali ne don ta yi aiki a tsakiyar tafiyarta. Idan aka danne ta da gajeren sifirin mai tauri, takan mutu da wuri, musamman idan dama ta tsufa, kamar yadda take a galibin motocin hannu da ake shigowa da su daga tashar ruwa.

Hanya ta biyu ita ce a sayi gajeren sifirin tare da amortisar da aka yi dominsa. Bilstein B8 misali ce ta irin wannan amortisa mai gajeren sanda, kuma kamfanin yana sayar da ita haɗe da sifirin Eibach da sunan B12. Tsayin mota ba ya canzuwa bayan an ɗaura, amma babu abin da zai kwance ko ya buƙaci gyara kullum. Ga motar yau da kullum, wannan ita ce hanyar da ta fi ƙarancin ciwon kai.

Hanya ta uku ita ce koyiloba: amortisa mai zare a jikinta kamar na noti, da zobba biyu da ake murɗawa don ɗaga mota ko sauke ta. KW da Bilstein na Jamus, Tein na Japan da BC Racing na Taiwan suna cikin sanannun masu yin ta. Akwai mataki-mataki. KW V1 da Bilstein B14 tsayi kawai ake gyarawa. KW V3 tana ba da damar gyara ƙarfin dannuwa da na dawowa kowanne dabam, abin da mai zuwa ofis ba ya buƙata. A Turai koyiloba ta sanannen kamfani takan kai euro 1,000 ko fiye, wato sama da jika 650 na sefa, ban da kuɗin jigila, duwan da na makanike. Waɗanda ake tallatawa a intanet a kan rubu'in wannan farashi ba su da suna, ba su da takarda, kuma idan ɗaya ta zubar da mai babu inda za a samu ƴar uwarta.

Santimita nawa hanya za ta yarda

Ƙananan motoci irin Corolla suna fitowa daga masana'anta da tazarar santimita 13 zuwa 16 tsakanin cikinsu da ƙasa. Wannan awo ne na mota ba kowa a ciki. Idan mutum biyar suka shiga, aka sa buhun hatsi a baya, tazarar ta ragu tun kafin a taɓa sifirin. Wanda ya cire santimita 6 ko 7 daga ciki ya bar kaskon mai, bututun hayaƙi da ƙasan bamba a hannun kowane tudun rage gudu da ke kan hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Yamai zuwa Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi har Damagaram. A cikin unguwanni kuma, inda rairayi da zaizayar damina suka fi kwalta yawa, mota mai ƙasa-ƙasa ita ce ta farkon kafewa, ita ce kuma ta farkon shan ruwa. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2024 ta yi da titunan Maraɗi da Yamai ya san ma'anar wannan.

Don haka ga motar da ke yawo a Nijar, santimita 2 zuwa 3 ya isa ya rufe giɓin da ke tsakanin taya da jikin mota ba tare da an sayar da lafiyarta ba. Mai zama a Turai, inda hanya take sumul, yana iya kaiwa 4, amma shi ma yana da gangaren gidajen ajiye motoci da zai yi la'akari da su.

Tauri da ƙura

Duk abin da aka rage a tsayi an rage shi ne a filin da taya ke da shi na motsawa sama. Don kada mota ta riƙa dukan robar tsayawa, dole sifirin ya ƙara tauri. Sifirin asali na ƙaramar mota yakan danne da milimita ɗaya a ƙarƙashin kilo 2 zuwa 3. Koyiloba da yawa na Asiya suna zuwa da kilo 6 zuwa 10, domin an yi su ne da tunanin filin tsere. A kan hanya mai ramuka, irin wannan tauri ba baya kawai yake karyawa ba: taya tana tsalle ta rabu da ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta juyawa. Kafin a biya kuɗi, a nemi wannan lamba, a zaɓi mafi laushi da kamfanin ke bayarwa.

Haka batun kan amortisa, inda take haɗuwa da jikin mota. Wasu koyiloba suna zuwa da kai na ƙarfe zalla mai ƙwallo a ciki. Yana sa sitiyari ya yi kaifi, amma yana shigo da ƙara, kuma ƙura tana cinye shi da sauri. Kan roba ya fi dacewa da motar gari.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar koyiloba a Sahel, kamar yadda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yake a Turai. Rairayi yana shiga zaren, zobba su kafe, mai mota ya wayi gari da kayan da ya saya don ya riƙa gyara tsayi amma ba sa motsi. Maganin shi ne a wanke zaren lokaci-lokaci, a shafa masa maganin hana kafewa, a sa masa riga, a kuma duba robar da ke rufe sandar amortisa, domin da ta yage ƙura za ta ci bakin ta fara zubar da mai.

Abin da ba a yi

Yanke sifirin da injin yanka ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda har ya zauna, arha ce mai tsada. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yana iya karyewa ana cikin gudu. Wanda aka yanke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya fita idan taya ta rataya a rami. Haka nan ba a canza amortisa ɗaya a bar ɗaya. Biyu-biyu ake yi, hagu da dama. Mai sayen ta hannu a Katako ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ya duba alamar mai a jikinta, ya duba ko sandar ta lanƙwashe ko ta yi zane.

Bayan an ɗaura kaya aiki bai ƙare ba. Notocin hannuwan ƙafa masu roba ana ɗaure su ne bayan mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage. Sannan dole a kai mota wurin daidaita tayoyi, abin da makanikai ke kira paralelisim, domin saukewa tana karkatar da kan taya ciki, gefen ciki ya cinye alhali na waje yana nan sabo. Sabon sifirin yakan ƙara zama kaɗan bayan ƴan kwanaki, don haka yana da kyau a sake awo. A gyara saitin fitilun gaba ma.

Takardu da kayan gyara

A Jamus duk sifirin ko koyiloba da za a sa sai tana da takardar amincewa, kuma galibi sai masu bincike irin su TÜV ko DEKRA sun duba an shigar da canjin a takardun mota. Wanda ya tsallake wannan yana iya rasa izinin hawan motar a kan titi. A Beljiyam ma masu binciken lafiyar mota suna neman takardar kayan. A ko'ina mutum yake, ɓoye wa kamfanin inshora canjin yana iya zama dalilin ƙin biya ranar da aka yi haɗari.

A gida kuwa tambayar ita ce ina za a samu canji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe gadar Gaya zuwa Malanville, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Amortisar asali ta Corolla, ko ta KYB da Monroe, ana samunta a kasuwa cikin yini guda. Koyiloba ɗaya da ta fashe tana iya ajiye mota makonni tana jiran saƙo daga waje. Shi ya sa duk wanda ya sauke motarsa ya kamata ya adana tsofaffin sifirin da amortisarsa: su ne za su fitar da shi a irin wannan rana, su ne kuma za su dawo da darajar motar idan ya tashi sayarwa, tunda mafi yawan masu saye a Nijar mota mai tsayi suke nema.