Yadda masu zanen Turai suka mayar da ƙasashen Musulmi gidan tsafi

A wani gidan adana kayan fasaha da ake kira Clark, a garin Williamstown na jihar Massachusetts a Amurka, akwai wani zane da ya fi shekara 140 yana jan hankalin masu kallo. Wani yaro ne tsaye tsirara, ya juya baya, ƙaton maciji ya naɗe masa jiki. A gefensa wani dattijo yana busa sarewa. Can jikin bango mai shuɗin tayil, wasu mutane riƙe da makamai sun zauna a ƙasa sun zuba ido.

Sunan zanen The Snake Charmer, wato mai wasa da maciji. Bafaranshe Jean-Léon Gérôme ne ya zana shi wajen shekarar 1879. Duk wanda ya gan shi zai rantse hoton kyamara ne, don hatta tayil ɗin da ya fashe sai da ya fito da shi. To amma wurin da zanen ya nuna babu shi a duniya.

Haɗin gambiza

Masana tarihin zane sun gano cewa tayil ɗin bangon daga fadar Topkapi ta Santambul aka kwaikwayo shi, daɓen ƙasan kuma daga masallacin Amru bin As da ke tsohuwar Alƙahira. Wasa da maciji kuwa sana'ar kasuwa da bakin titi ce a Masar da Indiya, ba abin da ake yi a fadar sarakunan Usmaniyya ba. A saman bangon akwai rubutun Larabci, wanda masana suka gane aya ce daga Suratul Baƙara. Wato Gérôme ya ɗauko fada, ya ɗauko masallaci, ya ɗauko aya, ya haɗa su da tsiraici da maciji, sannan ya miƙa wa Turawa a matsayin rayuwar Gabas.

Wannan ne ya sa zanen ya hau bangon littafin Orientalism na Edward Said, Bafalasɗinen malamin jami'a a Amurka, wanda ya fito a 1978. Hujjar Said ita ce Turawa sun ƙirƙiri wata Gabas a zukatansu, ta camfi da sha'awa da lalaci, don mulkar ta ya zama kamar taimako. A 1983 masaniyar zane Linda Nochlin ta ƙara da cewa abin da babu a irin waɗannan zane-zane ya fi abin da ke ciki muhimmanci: ba a ganin Bature, ba a ganin aikin yi, ba a ganin alamar zamani yana tafiya.

Daga ina tsafin ya samo asali?

Kafin masu zane su taka ƙasar Larabawa, tatsuniya ta riga su zuwa. Daga 1704 Antoine Galland ya fara fitar da fassarar Dare Dubu Da Ɗaya da Faransanci. Labarin Aladin da fitilarsa ma ba ya cikin rubutun Larabcin da ke hannunsa. A bakin wani matashi ɗan Halab, Hanna Diyab, ya ji shi a Paris a 1709. Bayan Napoleon ya mamaye Masar a 1798, matafiya suka yi ta kwarara, kowa yana neman aljanun da ya karanta.

Baturen Ingila Edward Lane, a littafinsa na 1836 kan al'adun Misirawa, ya ba da labarin wani mai duba a Alƙahira da ke zuba tawada a tafin hannun yaro, yaron ya riƙa faɗin abin da yake gani a ciki. Labarin ya yi tashe a Ingila. Kasuwa ta buɗe ke nan, masu saye suna son hayaƙin turare da masu duba da macizai, masu zane kuma suka ba su.

Har ibada ba ta tsira ba. Eugène Delacroix ya ziyarci Maroko a 1832, ya ga jerin gwanon mabiya ɗariƙar Isawiyya a birnin Tanja. Zanen da ya yi daga baya ya nuna su kamar masu tashin iska, sunan da aka san zanen da shi ma na masu farfaɗiya ne.

Ba zane kawai ba ne

Wani zai ce ai fenti ne a kan ƙyalle, me ya yi zafi? Abin da ya faru a Aljeriya ya isa amsa. Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830, kuma shehunan ɗariƙu suna cikin waɗanda suka fi ba ta wahala, irin su Amir Abdulƙadir. A 1856 hukumomin Faransa suka tura mai wasan rufa-ido Robert-Houdin ya yi wasa a gaban shugabannin ƙabilu, don a nuna musu sihirin Faransa ya fi na malamansu. Cikin dabarunsa akwai wani ɗan akwati da ƙaƙƙarfan namiji ya kasa ɗagawa, alhali maganaɗisun lantarki ne aka ɓoye a ƙarƙashin dandamali. Wanda ya yarda cewa mutane tsafi kawai suka sani, ba zai saurari kokensu kan ƙasarsu da aka ƙwace ba.

Wani ido daban

Osman Hamdi Bey, Baturken da ya koyi zane a Paris a zamanin Gérôme, ya yi amfani da salon nasu ya faɗi wata magana. A zane-zanensa ana ganin malamai riƙe da littattafai suna muhawara, da mata suna karatu. A shahararren zanensa na 1906, wani dattijo cikin jar riga yana ƙoƙarin horar da kunkuru, abin da da yawa ke fassarawa da shaguɓe kan jinkirin gyara a daular Usmaniyya. Suka ce daga ɗan gida, ba kallon baƙo ba.

Abin mamaki, a yau attajirai da gidajen tarihi na ƙasashen Larabawa suna cikin manyan masu sayen zane-zanen Gérôme da ire-irensa, saboda suna ganin tufafi da gine-ginen kakanninsu a ciki.

Mu ma a nan mun san wannan ido. Lokacin da hotunan gardawa masu wasa da kura da maciji, waɗanda Pieter Hugo ɗan Afirka ta Kudu ya ɗauka a Najeriya daga 2005, suka zagaya duniya, mutane da dama a waje ba su san komai game da Hausawa ba sai su. Gardawa gaskiya ne, kamar yadda masu wasa da maciji a Alƙahira gaskiya ne. Tambayar da ya kamata mai kallo ya riƙa yi ita ce: wa ya zaɓi abin da za a nuna, kuma me ya bari a waje?