Maganar Da Ba A Faɗa Ba A Cinikin Bakin Iyaka

Yawancin saɓanin da muke gani a kasuwar Malanbil da garuruwan kewayenta irin su Tumbutu, za ka tarar babu wanda ya yi wa wani ƙarya. Kowa ya faɗi maganarsa ne bisa wani abu da ya ɗauka abokin cinikinsa ya riga ya sani.

Mu ɗauki lissafin kuɗi. Idan mai albasa daga Gaya ya ce "ɗari biyar", dala yake ƙirgawa, kowace dala kuwa sefa 5 ce, wato sefa 2,500 ke nan. Baƙon da ya zo daga Kamba, in bai saba ba, sai ya ji 500 kawai. Haka "jaka": a bakin mutumin Nijar sefa 1,000 ce, a tsohon lissafin Nijeriya kuwa naira 200. Wannan mai sauƙi ne, tambaya ɗaya ta warware shi.

Wanda ya fi cin dukiya shi ne irin "ka ba ni zuwa jibi, mota na hanya". Mai maganar yana iya zama mutumin kirki, amma alƙawarinsa ya rataya ne a kan cewa gadar Kogin Kwara tana buɗe. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, gadar Malanbil zuwa Gaya ita ma ta rufe, manyan motoci suka yi dogon layi, jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Wanda ya ce "an cire takunkumi, ai hanya ta buɗe" ya manta gada baki biyu gare ta.

Akwai kuma masu cewa "sefa ba ta faɗuwa". Hujjarsu ita ce an ɗaure ta da yuro a kan 655.957. To amma ɗauri na hukuma ne, kuma dattawanmu ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari darajarta ta ragu da rabi.

A ganinmu, kafin a ce "sallama", mai saye ya tambayi kansa: me ya zama dole ya tabbata kafin maganar nan ta cika? In amsar gada ce ko canji, a ambace su a gaban dillali, a kuma fayyace wanda zai ɗauki asarar.