Mai Horar da Ƙarfin Jiki a Ƙasar Kokowa

A Matameye, hedikwatar gundumar Kance da ke jihar Damagaram, ƙarfi ba baƙon abu ba ne, domin saurayin da ya tashi cikin noman rake da gyaɗa da jan guga ya riga ya mallaki damtsen da ɗan birni ke biyan kuɗi yana nema. Saboda haka aikin mai horarwa a irin wannan wuri ya fi karkata ga sarrafa ƙarfin da ke akwai, wato auna nauyin da ɗalibi zai ɗaga, da yawan maimaicin ɗagawar, da kuma hutun da tsoka ke buƙata, kasancewar a lokacin hutu da barci take ginuwa.

Babban fagen da wannan sana'a ke da daraja shi ne kokowar gargajiya, wadda gasarta ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin da ake ba zakara, kuma har yau kowace daga cikin jihohi 8 na tura 'yan kokowa 10. Tun da kaye daga ƙugu da cinyoyi yake fitowa, mai horarwar da ya san aikinsa ba ya barin ɗan kokowa ya ɓata watanni yana kumbura ƙirji don burge 'yan kallo, alhali ƙafafunsa ba su iya turjewa cikin rairayi ba.

A nan ne ketilbel ke da amfani, wanda dunƙulen ƙarfe ne mai mariƙi a samansa, da Rashawa suka daɗe suna auna hatsi da shi kafin ya zama kayan motsa jiki, nauyinsa na al'ada kuwa kilo 16 ne ko 24 ko 32. Ana lilo da shi daga tsakanin ƙafafu zuwa daidai ƙirji, ƙugu ne ke cilla shi, gadon baya kuma a miƙe, abin da ya yi kusa ƙwarai da yunƙurin ciccibar abokin karawa. Wanda ya lanƙwasa baya yana lilon, ciwon da zai samu ya fi ƙarfin yawa, kuma hana wannan kuskure shi ne rabin aikin malamin. Samari da yawa kan ƙera nasu nauyin da siminti da gwangwani, dabarar da ba ta da laifi sai dai ba a san kilo nawa ake ɗagawa ba, wanda kuwa bai san nauyin jiya ba, ba zai iya ƙara na gobe bisa ƙa'ida ba.

Ta fuskar abin kai wa baki, hanyar da ta fi tabbas ita ce karatu a cibiyar horar da malaman wasanni ta ƙasa da ke Yamai, daga nan a koyar da motsa jiki a makarantun sakandare, horar da 'yan kokowa kuma ya zama aikin yamma da na bayan girbi, lokacin da fagage ke cika.