Filin wasa a Agadas: kuɗin kulawa ya kamata a fara nema

A ƙarshen watan Disamba na 2023 idon Nijar duka ya koma Agadas, inda aka yi gasar kokowar gargajiya ta neman takobi karo na 44. Ƴan kokowar jihohi takwas suka kara, Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi karo na shida. Kwana goma gari na cike da baƙi, masu masauki da masu abinci da ƴan kabu-kabu kowa ya samu rabonsa. Taro irin wannan kan tayar da tsohuwar muhawara: Agadas ta cancanci sabon katafaren filin wasa ne, ko gyaran wanda ke hannu ya fi? Wa zai biya, a ina kuma za a kafa shi? A ganina an fara maganar daga tsakiya. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wanda zai riƙe filin bayan an yanke ƙyalle, manyan baƙi sun hau jirgi sun koma Yamai.

Yadda ake gina filayen wasa a jihohin Nijar ne ya jawo wannan tambaya. Bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, an mai da shi mai zagayawa: Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, sai Tawa da Damagaram da Tilaberi da Difa suka biyo baya. Duk garin da bikin ya faɗo kansa ya samu tituna da fitilu da dandalin fareti da gyaran wuraren wasa, kuma ba mai musun cewa garuruwan sun sauya kama. Sai dai kuɗin na zuwa ne sau ɗaya, daga baitulmalin ƙasa, aiki na gudu don a cimma ranar biki. Da an watse, nauyin biyan wuta da ruwa da albashin mai gadi da gyaran katanga sai ya faɗo kan hukumomin jiha da ma'aikatar magajin gari, waɗanda harajin kasuwa da na tasha ba ya isarsu kwashe shara ma. Ko babban filin ƙasa bai tsira ba. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda aka buɗe a 1989 da taimakon ƙasar Sin, ya kai matsayin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a cikinsa, har ƙungiyar ƙwallon ƙasa, Mena, ta riƙa karɓar baƙinta a Kwatano da Tunisiya da Maroko. Idan haka ta faru da filin da ke ƙarƙashin idon gwamnati, filin da ke da nisan kusan kilomita dubu daga fadar mulki ya fi buƙatar a tanadar masa kuɗin kulawa tun kafin a aza tubali.

Masu neman babban fili suna da hujja mai nauyi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Sukan ce jihar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, jihar da ke da gawayin Tchirozérine da zinariyar Djado, ba za a ce mata ta haƙura da ƙaramin abu ba. Gaskiya ne. Amma dokar ma'adinai ta riga ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ake karɓa daga kamfanonin haƙa domin ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo arzikin. Wannan kaso, idan ya iso a kan lokaci kuma aka bayyana wa jama'a yadda aka kashe shi, ya fi dacewa da ɗawainiyar shekara-shekara fiye da gini guda da zai lanƙwame shi gaba ɗaya. Wasu kuma sukan ce babban fili zai jawo gasa da baƙi. Gasar takobi tana zagaya jihohi takwas ne, sai an daɗe kafin ta dawo, matasan unguwannin Dagamanet da Tudu da Sabon Gari kuwa kullum da la'asar suna neman inda za su buga ƙwallo.

Batun wuri ma yana da nasa sharuɗɗa a Agadas. Tsohon gari, da masallacin da hasumiyarsa ta kai mita 27 da fadar Sarkin Abzin, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, don haka ba wurin da za a jibga ginin siminti ba ne. Kwarin da ruwa ke bi shi ma ba wurin gini ba ne. Ambaliyar watan Satumba na 2009, lokacin da ruwan kwarin Telwa ya afka wa unguwanni ya rushe gidaje, ta isa shaida. Saboda haka ake saurin cewa a fita bayan gari inda fili ke da arha. Arhar ta tsaya ga mai gini kawai. Yaron da ba shi da kuɗin kabu-kabu ba zai taka kilomitoci cikin zafin Afrilu don atisaye ba, iyaye kuma ba za su bar ƴaƴansu mata su dawo daga nesa bayan magariba ba. Filin da ƙafa ba ta kai wa kullum, yashi ne ke gaje shi. Ga kuma ruwa: a garin da unguwanni ke kwana jiran famfo lokacin bazara, shayar da ciyawar fili kowace rana abu ne da dole a auna shi da buƙatar gidaje.

Abin da ya fi amfani shi ne a riƙe filin wasa na Sidi Mohamed da ake da shi da dandalin kokowa cikin kyakkyawan hali, da kasafin kulawa da aka rubuta aka kuma sanar, sannan a keɓe ƙananan filaye a sababbin unguwanni, a ba su takarda kafin a yanka su a sayar. Kira ga hukumomin birnin da na jiha: duk wanda ya kawo zanen sabon fili, a nemi ya kawo lissafin kula da shi na shekara goma, a karanta shi a gidajen rediyon gari da Hausa da Tamajak kafin a sa hannu.