Shin Maganaɗisun Wufa Yana Ɓata Talabijin Na Bango?

Tun da shafaffen talabijin, wanda jama'a suka fi sani da suna fulasma, ya yawaita a gidajen Dutsin-Ma da Kurfi, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk ranar da aka je jeren amarya, ko aka buɗe sabon gidan kallon ƙwallo, sai an yi ta. Wani ya ɗauko wufa, watau akwatin nan mai nauyi da ke fitar da amo mai kauri, zai ajiye ta gindin talabijin, sai wani ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai, janye ta! Maganaɗisun cikinta zai shanye kalar talabijin." A kan haka sai a janye ta, a kai ta inda wayarta ba ta isa ba, ko kuwa a ɗora ta bisa kabad tare da tangaran, kowa ya watse yana ganin an tsare dukiya.

To, jama'a, mai tsawar nan ba ƙarya ya ƙaga ba. Gaskiya ya gada, amma gaskiyar wani zamani ce da ya shige. Abin da ya sa na ga ya kamata a tsaya a warware maganar shi ne, tsoron maganaɗisu ya ɗauke hankalin mutane daga ainihin abubuwan da ke halaka talabijin na yanzu, alhali kuwa kaya ne da uba kan sayar da amfanin gona ko dabba kafin ya saka wa 'yarsa a ɗaki.

Bari mu fara da asalin tsoron. Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Ibadan a 1959, na Jihar Arewa kuma a Kaduna a 1962. Daga wannan lokaci har zuwa farkon ƙarnin nan, akwatin da aka sani shi ne mai doro, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama. Doron nan kuwa ba ado ba ne. A cikinsa akwai wata ƙatuwar kwalba wadda aka zuƙe iskar cikinta sarai, irin wadda wani Bajamushe, Karl Braun, ya fara ƙerawa a 1897. Daga wuyan kwalbar ake harbo ƙwayoyin lantarki, su taho da gudu su bugi bayan gilashin da muke kallo, inda aka shafa wani sinadari mai haskawa idan an buge shi. Abin da ke karkata harbin nan, ya kai shi dama da hagu, sama da ƙasa, har hoto ya cika gilashi, shi ne ƙarfin maganaɗisu da wasu naɗaɗɗun wayoyi ke bayarwa a wuyan kwalbar. Ashe ke nan na'urar tun asali da maganaɗisu ake tuƙa ta. In wani baƙon maganaɗisu ya matso kusa, ya zama makaho da 'yan jagora biyu, kowa na jan sanda wajensa.

A akwati mai kala abin ya fi muni. Harbi uku ne a cikinsa, na ja da na kore da na shuɗi, kuma dab da gilashi akwai wani siririn farantin ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar kowane harbi ya sauka kan launinsa. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa harbin ja ya sauka kan kore. Shi ya sa in an jingina lasifika da irin wannan akwati sai a ga kusurwa ɗaya ta yi shunayya ko tsanwa, fuskar mai karanta labarai ta koma kamar an tsoma ta a marina. Har wa yau farantin kansa yakan kamu da maganaɗisu, tabon ya zauna ko bayan an janye lasifikar. Maƙeran sun san da wannan, suka zagaye bakin kwalbar da wata waya mai wanke maganaɗisu. Ita ce ke yin ƙarar nan "dum" da dattawa za su tuna suna ji duk lokacin da aka kunna akwati. In tabon ƙarami ne, akan kashe akwatin wajen rabin sa'a a sake kunnawa, sau biyu ko uku, ya gushe. In ya yi zurfi sai mai gyara.

Wannan shi ne tushen dokar, kuma doka ce mai hujja. Amma fa a duba abin da ya faru. Wajen ƙarshen 2007 cinikin shafaffen talabijin ya zarce na mai doro a duniya, a 2008 kuma kamfanin Sony ya daina ƙera shahararriyar kwalbarsa Trinitron. Shi ma fulasma na ainihi, manyan maƙeransa sun bar yin sa a 2014. Sunan ne kawai ya zauna a bakinmu. Abin da ke rataye a yawancin ɗakunanmu yau iri ne da ake kira LCD ko LED, kuma ba kwalba a cikinsa, ba harbi, ba rariyar ƙarfe. Fitilu ne ƙanana jere a baya suna ba da farin haske, a gabansu kuma akwai ɗigo-ɗigo masu yawan gaske, kowane ɗigo kamar 'yar taga mai buɗewa da rufewa. Abin da ke buɗe tagar wani ruwa-ruwa ne mai ɗabi'ar ƙanƙara, wanda wani masanin tsirrai na ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya fara lura da irinsa a 1888, kuma da ɗan ƙarfin lantarki ake juya shi. A allon da ake kira Full HD, ɗigon nan 1,920 ne a kwance, 1,080 a tsaye, watau fiye da miliyan 2, kowanne yana zaune daram a gurbinsa. Ba abin da ke tafiya a sarari balle maganaɗisu ya tare shi a hanya.

Wanda bai gamsu ba, ga hujja a hannunsa: muryar da ke fitowa daga shafaffen talabijin, daga ina take? Daga lasifikoki biyu da maƙerin ya dasa a cikin jikinsa, inci kaɗan daga allo, kowace da maganaɗisunta. Da maganaɗisu yana ɓata irin wannan allo, da tun a masana'anta ya ɓaci. Ƙari kuma, ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri ƙwarai. In an ninka nisa sau biyu, abin da ya saura bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba.

Sai dai a yi hattara da abu guda. A ƙarshen zamanin mai doro an yi wasu akwatuna masu shafaffen gilashi ta gaba, amma doronsu na nan ta baya, kuma har yanzu ana samun su a wajen masu sayar da tsofaffin kaya da shagunan aski na ƙauye. Waɗannan kwalba ce a cikinsu, tsohuwar doka na kansu. Kada mutum ya duba fuska, ya zaga ya duba ƙeya.

To, in maganaɗisu ya fita daga zargi, ina haɗarin yake? Na fari, kuma mafi girma, girgiza ce. Aikin wufa shi ne ta tunkuɗa iska da ƙarfi, faifanta yana kai da komowa tsakanin sau 20 zuwa wajen sau 120 a daƙiƙa guda, kuma duk abin da take zaune a kai yana rawa tare da ita. Shafaffen talabijin kuwa ba shi da nauyi, tsayinsa ya fi gindinsa, ƙafafunsa biyu sirara kamar na zalɓe. In aka haɗa su bisa tebur guda, musamman teburin gilashi mai santsi, sai talabijin ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ba mai lura, yau kaurin zare, gobe kaurin tsinke, har ranar da ƙafa ɗaya za ta sami bakin tebur. Allon da ya fashe kuwa ba ya ɗinkuwa, kuma kuɗin sabon allo yakan yi kusa da kuɗin sabon talabijin. Ba a ma maganar yaro mai rarrafe da ke wasa a ƙasa. Ko bai faɗi ba, girgizar yau da gobe takan sassauta bakin wayoyin da aka soka a bayansa, hoto ya riƙa ɗaukewa, a ɗora wa maganaɗisu laifin da ba nasa ba.

Wanda ya rataya nasa a bango ya tsira daga rabin wannan, in bangon na bulo ne kuma ƙusoshin sun kama. Amma gidaje da yawa a Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. A irin wannan bango, shafen ne kaɗai ke riƙe da ƙusa, in kuwa aka jingina wufa da shi tana dukansa dare da rana, ƙasar da ke kewaye da ƙusar takan zube a hankali. Kada a raina ƙarfin amo mai kauri. A 1974, lokacin da aka nuna wani fim mai suna Earthquake a Amurka da manyan wufofi don 'yan kallo su ji kamar ƙasa na girgiza, sai da ɓarɓashin silin ya zubo a wani gidan silima na Los Anjalis. Ta ɗakinmu ba ta kai wannan ba, amma shi ma bangonmu bai kai nasu ba.

Na biyu zafi. Wufa tana da na'urar ƙara ƙarfin sauti a cikinta, takan yi ɗumi, talabijin ma yana fitar da nasa zafin ta ƙananan hujin da ke bayansa. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin ƙasar Katsina kan kai awo 40, cusa su biyu cikin akwatin katako guda, a kuma lulluɓe su da ƙyallen ado, gajarta musu kwana ne. A bar tazarar tafin hannu ko fiye ta kowane gefe. Ramin nan kuma da ke jikin wufa, wanda iska ke fita ta ciki, kada a toshe shi, kada kuma a juya shi ya riƙa hura ƙurar hunturu cikin bayan talabijin. A riƙa leƙa shi, gama zanzaro yana son gina ɗaki a ciki.

Na uku wuta. Wufa da talabijin da dikoda da cajar waya huɗu bisa soket guda mai arha, wannan ya fi kowane maganaɗisu ɓarna, balle lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi ko ana sauyawa zuwa janareta. In kuma an ji wufa tana wani gurnani ko ba a kunna kome ba, wani lokaci wayar sauti ce aka naɗe tare da wayar wuta. A raba su.

Saura tambayar da ta fi daɗi: ina ne ya fi kyau a ajiye ta? A nan akwai wani abin mamaki da ya kamata kowane malamin kimiyya ya iya bayyana wa yara. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa. Amo mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawon kowane taguwarsa mita 8 da rabi ne, ya fi tsawon ɗakin kansa. Siririn sauti mai kaɗawa sau 4,000 kuwa, taguwarsa santimita 8 da rabi ce kacal. Kunnuwanmu biyu suna gane inda sauti ya fito ne ta bambancin yadda ya iso wa na dama da na hagu. In taguwar ta fi kan mutum girma nesa ba kusa ba, bambancin yakan yi ƙanƙanta, kunne ya rasa inda zai nuna. Wanda ya taɓa tsayawa a filin hawan Salla ya san wannan ko bai san sunansa ba: algaita kana jinta ka waiwaya wajenta, amma tambari a ƙirji kake jinsa, kamar daga ƙasa yake tasowa. Saboda haka amon da bai kai kaɗawa 80 a daƙiƙa ba, ba lalle ne ya fito daga gindin talabijin ba. Ƙananan lasifikokin da ke ɗauke da murya su ne tilas su tsaya dama da hagu na allo. Wufa kuwa tana da 'yancin zama inda ɗaki ya fi karɓarta.

Ɗaki kuwa yana da nasa hali. Ɗakunanmu na ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, watau wajen mita 3.6, suna amsa amo mai kaɗawa kusan sau 47 a daƙiƙa fiye da sauran, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, amsawar ninki biyu ce. Shi ya sa wanda ya zauna jikin bango yakan ji amon ya cika masa kai, na tsakiyar ɗaki kuwa ya ce a ƙara, su yi ta musu alhali kowa gaskiyarsa ya faɗa. Kusurwa takan ƙara wa wufa ƙarfi, amma sau da yawa ƙarfin ya zama ruri marar fasali, kwanon rufi da ƙyauren taga su kama kaɗawa. Dabarar da masana sauti ke bi mai sauƙi ce, ko da yake mai ganin ka zai yi dariya. Ka ɗora wufar bisa kujerar da kake zama, ka saka kiɗa mai ganga, sa'an nan ka durƙusa ka bi gefen bango kana saurare. Inda ka ji bugun ganga ya fito sarai, ɗaya bayan ɗaya, ba ruri, nan ne gurbinta. Ka sauke ta ƙasa a wurin, bisa darduma ko tabarmar roba, da 'yar tazara daga bango. In gurbin ya faɗo kusa da talabijin, madalla, ba laifi, muddin dai ba bisa tebur guda suke ba.

Ga ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, irin na kwalejin Dutsin-Ma mai ɗauke da sunan Alhaji Isa Kaita, Ministan Ilmi na Jihar Arewa zamanin Sardauna, wannan gardama darasi ne da ya zo har gida ba a biya ko kwabo ba. A kawo kamfas, watau allurar nan mai nuna arewa, a matso da ita jikin wufa, yara su ga ta karkace. A ja da baya taki ɗaya, su ga ta koma daidai. Sa'an nan a watsa tsabar gero bisa teburin da wufa ke kai, a saka kiɗa, su ga gero yana tsalle yana gangarawa bakin tebur. Gwaji na fari ya nuna musu iyakar maganaɗisu, na biyu ya nuna musu abin da ke ture talabijin. Na fi son yaro ya ga waɗannan biyu da idonsa da ya haddace shafi goma.

Masu gidajen kallo kuma, da ke tara yara cikin rumfar kwano su buɗe wufa iyakar ƙarfinta, su sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna cewa babba bai kamata ya wuce sa'a 40 a mako yana sauraron ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 80 ba, na yara kuwa 75 ne. In har sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, to, an wuce wannan awo, a rage.