Tashar Jirgin Cikin Gari: Mene Ne Bambancinta da Tamu?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, yawancinmu mun sha wucewa ta gefen tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, wadda ke nan kudancin kogi. Tsohuwar tasha ce ƙwarai. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta Kaduna ya ratsa, kuma a 1927 wani layin ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya haɗu da shi a nan. Ma'anar sunan tashar ke nan, wato mahaɗa. To amma don doguwar tafiya aka gina ta, da ɗaukar kaya irin su gyaɗa da auduga.

Tashar jirgin cikin gari kuwa aikinta daban ne. Ita ba ta jiran mai ƙatuwar jaka. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai take kwasa, waɗanda za su fita da safe su dawo da yamma. Shi ya sa ake jera tashoshin kusa-kusa, jirgi ya tsaya ɗan lokaci kaɗan ya wuce, can sai ga wani.

A Legas akwai irinta. Jirgin da ake kira Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2. Nisan kilomita 13 ne kawai, amma tashoshi biyar ne a kai. Ba kwandasta, ba rigimar canji. Kati ake sa wa kuɗi mai suna Cowry, ka taɓa shi a ƙofa ta buɗe maka. Da lantarki jirgin yake tafiya, saboda haka an killace layin, ba a yarda kowa ya tsallaka ko ya baza kaya a kai ba. Mu da muka saba ganin awaki da 'yan talla a kan dogo, wannan sai mun yi da gaske.

Wani zai ce, ai muna da sabon jirgi a Rigasa. Gaskiya ne, tun watan Yuli na 2016 yake zuwa Idu a Abuja. Sai dai shi ma na dogon zango ne, kilomita 186. Kuma ko an so, ba zai iya shigowa Kaduna Junction ba. Ga dalili: faɗin tsakanin ƙarafa biyu na tsohon layinmu milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435. Ku cire ku gani, 368 ya rage, ya ɗara tsawon babbar rularmu ta aji. Ƙafafun jirgin Rigasa ba za su zauna a kan dogonmu ba sam.

A ganinmu, mu mutanen kudancin kogi mun fi kowa bukatar jirgin cikin gari. Daga Kakuri, Barnawa, Nasarawa da Sabon Tasha, duk mai zuwa Kasuwar Sheikh Gumi ko Kawo sai ya haye kogi, kuma kowa ya san cunkoson bakin gada da safe. Ga kuɗin mota, ga bulalar makara. Alhali tarago ɗaya zai kwashe mutanen da Keke Napep goma ba za su ɗauka ba, kuma jirgi gadarsa daban, ba ruwansa da cunkoson motoci. Tsohon layin nan har yanzu yana shimfiɗe daga tasharmu, ya haye kogi ya bi ta tsakiyar gari ya nufi Zariya.